Kwanon da Ba a Tayinsa

A Ikko na fara gane cewa ba kowane mai jin Hausa ne ɗan'uwa ba. Sunana Iro, daga wani ƙauye kusa da Janfalan a ƙasar Ikara. Na yi elementare, na iya karatun boko da lissafi daidai gwargwado. A lokacin Turawa na nan suna mulki, kuma labari ya zo mana cewa a ƙasar Gwalkwas, can wajen Kumasi, masu sayen koko suna neman wanda ya iya karanta sikeli. Shi ya sa na kai matata Hajo da ɗanmu na goye gidan mahaifinta a Makarfi, na shiga jirgin ƙasa a Zariya.

Ni mutum ne mai damuwa tun ina yaro. In na ɗaure akuya sai na koma na duba igiyar. In na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko na shafi kunne. Mahaifiyata takan ce da damuwa tana sa ƙiba, da ƙofar zaure ba ta ishe ni ba. To, duk da wannan taka-tsantsan, ban wuce tashar Ikko ba sai da aka yi mini wayo.

Mutumin fari ne, da farar riga da carbi. Ya ji na yi sallama, ya tambayi garinmu, ya ce ai shi ma kakarsa mutuniyar Kudan ce. Ya lissafa mini ƙauyuka har da na kusa da mu. Ya ce ba a ƙetare ƙasashen da Faransa ke mulki a hanya sai da takarda, amma ya san mai bayarwa. Na ba shi abin da ya nema, ya ce in kawo bargona ma ya ajiye mini a shagonsa don ɓarayi. Na zauna a inda ya bar ni tun hantsi har la'asar, ina ta sama masa uzuri a zuciyata. Wata Bayarabiya mai sayar da wake da ke kallona tun safe ta zubo mini a ganye, ta yi mini nuni da hannu cewa wancan tsuntsu ya tashi. Ba ta karɓi komai ba. Ita ce ta kai ni wurin wasu fataken goro da za su Kumasi, suka yarda in bi motarsu in riƙa taya su lodi.

Tsakanin Kwatano da Lome ƙishirwa ta kama ni. Ba irin wadda na sani a gona ba ce. In na sha buta guda, kafin in ajiye ta bakina ya bushe. Sai kuma fitsari. Kowane ɗan lokaci ina buga jikin mota a tsaya, direba yana zagina da harshen da ban sani ba, fatake suna dariya suna cewa na haɗiye rijiya. Abin da ya fi damuna ba dariyar ba ce, tsarki ne. Alwalata ba ta kaiwa daga salla zuwa salla, kuma kullum ina cikin shakkar wandona.

Daga Ankara muka hau zuwa Kumasi. Na sami aikin da na zo nema, a wani gari cikin kurmi, ina karanta sikeli ana ɗora buhunan koko. Maigidan bai cuce ni ba. Amma ƙasar ta yi mini nauyi. Ruwa ba ya ɗaukewa, itatuwa sun rufe sama, mutum ba ya ganin faɗuwar rana. A wurinmu in ka tsaya a bakin gona kana hango hayaƙin ƙauye uku. Can kuwa sai ganye. Nakan tuna fura da nonon Filanin da ke mashekari bayan gidanmu har in ji ƙamshinta a hanci.

Ina ci kamar gara, ina ramewa. Mazagin wandona ya yi ta ƙara tsawo. Na lura kiyashi na taruwa a inda na yi fitsari, ban gaya wa kowa ba don kunya. Wani mai magani a zango ya duba tafin hannuna ya ce jifa aka yi mini daga gida, ya sayar mini da haɗi a cikin zuma, ya ce in riƙa lasa safe da yamma. Na bi umarninsa sau da ƙafa, yadda nake bin kowane umarni. Ban gama kwalbar ba na faɗi a gindin sikeli. A kan buhunan koko aka kwantar da ni a mota zuwa babban asibiti a Kumasi.

Da na dawo hayyacina, fuskar da na fara gani ta wata mace ce baƙa, gajera, da farar hula. Sunanta Sista Afuwa, 'yar ƙabilar Asante, ita ce babbar nas ta ɗakinmu. Kusa da zango ta tashi, don haka tana jin Hausa irin tasu ta can.

"Malam, ka dawo? Ciwon sukari ne da kai. Ba jifa ba ne, ba aljani ba ne. Likita ya gani a jininka."

"Ana warkewa?"

"Ba a warkewa. Amma ana zama da shi, in mutum yana jin magana."

A gadon da ke hannun damana akwai wani Bakano, Malam Garba, dillalin shanu, wanda wani bijimin sa ya karya wa cinya aka rataye ƙafarsa da igiya. Da ya ji daga inda na fito sai ya yi murna kamar an ba shi kyauta.

"Bazazzagi ne ashe. To ai ba abin mamaki. Kun shanye raken Makarfi, yanzu ga shi yana fitowa ta ƙasa."

"Mu rake muke sha," na ce masa. "Ku kuwa ko sa bai yarda da cinikinku ba."

Tun daga ranar ya zama abokina, kuma ban ƙara samun hutu daga bakinsa ba.

Aikin Sista Afuwa a kaina ya kasance haka. Kafin kowane abinci sai in ba da fitsari. Tana da wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, ta ɗiga fitsarin a ciki, ta ɗora kan wata 'yar fitila har ya tafasa. In ya zauna shuɗi, babu sukari. In ya koma kore, akwai kaɗan. In ruwan ɗorawa ne, ya yi yawa. Nawa a kwanakin farko ja yake komawa kamar ƙasar gini. Lokaci lokaci kuma a ɗebi jinina a kai ɗakin awo. Da abin da ta gani take gaya wa likita, shi kuma ya faɗi yawan allurar da za a yi mini, wadda ake kira insulin. Tana yi mini ita a cinya, sannan a kawo kwanona, abinci aunanne: 'yar doya, ƙwai ko kifi, da ganye mai yawa. Ba ta barin gefen gadona sai ta ga na fara ci.

Na wahalar da matar nan. Ran da ta fara koya mini dafa fitsari da kaina, sai na tsaya nesa ina miƙa hannu kamar mai ɗaukar kunama, ina tsoron ya fantsamar mini a riga. Ba ta yi dariya ba. Washegari ta kawo mini wani farin ƙyalle na ɗaurawa a gaba, ta ce wannan na aikin ne, in zan yi salla in cire. Da na ji an ce daga cikin dabba ake samo allurar, na kwana biyu ina juyayi, sannan na tambaye ta ko alade ne. Ta ce ba ta sani ba, amma za ta tambaya. Ta je ta tambayi likita, ta dawo da kwalin ta nuna mini inda aka rubuta cewa ta saniya ce, na karanta da idona.

"Saura me?" ta ce.

"Ko an yanka saniyar?"

Malam Garba ya ce, "Sista, ki ba ni allurar in soka masa a harshe."

Limamin zango da yake zuwa duba marasa lafiya shi ya kwantar mini da hankali, ya ce lalura ce, in karɓa in gode wa Allah.

Abu guda nake so a duniya a lokacin: in koma gida da raina, in ga Hajo da yarona. Na ga yadda ake fitar da baƙin da suka mutu a asibitin nan, babu mai bin su. Na gaya wa Sista Afuwa. Ta ce hanya ɗaya ce. Sai ruwan ya daina ja, sai na iya dafa sirinji da yi wa kaina allura, sai kuma ta tabbata ba zan kashe kaina a hanya ba. Sa'an nan za ta roƙi likita ya ba ni takarda zuwa asibitin Zariya, inda zan riƙa karɓar magani.

Biyun farko ba su ba ni wuya ba, don irin aikin da ya dace da halina ne. Sirinjin da na dafa ba a taɓa cewa a sake ba. An ce sukari guba ne gare ni, na ɗauke shi kamar giya. Ruwan ya sauko daga ja zuwa ɗorawa, daga ɗorawa zuwa kore. Na fara ganin Zariya a idona.

Sai ranar da Tanko ya zo.

Da safe ne. Sista Afuwa ta tsaya na yi allurar da hannuna, ta ce madalla, an ajiye mini kwano. Kafin in buɗe sai aka kira ta da gaggawa, an kawo wani da mota ta buge. Tana fita wani mutum ya leƙo yana tambayar ina mutumin Ikara. Ban san shi ba. Ya ce sunansa Tanko, daga Furana. Ya zo neman aiki, an sauke shi a zango, aka ce masa akwai ɗan ƙasarsu a kwance, shi ne ya ce ba zai kwana biyu bai gaishe ni ba.

Muka gaisa yadda ake gaisawa a gida, ba irin gaisuwar tsaye ta can ba. Ya ba ni labarin damina, da wanda ya mutu, da wanda ya yi aure. Na ji kamar an buɗe mini taga. Amma ina lura da shi. Leɓɓansa sun bushe, kuma duk da yana ƙoƙarin kau da kai, idonsa na komawa kan kwanon. Na san wannan kallon, don na yi wa waken Bayarabiya irinsa.

Na tura kwanon gabansa. "Bismilla."

"Alhamdu lillahi, ci abinka. Kai ne marar lafiya."

"Na riga na ci," na ce. "Wannan ƙari ne."

Malam Garba ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba. A lissafina, sukari ne ciwona, abinci kuma shi ke kawo sukari. In na tsallake kwano ɗaya, ai ruwan ma sai ya fi shuɗi. Tanko ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya koma baranda ya zauna don ya huta kafin ya tafi.

Wajen hantsi na ji zufa mai sanyi tana keto mini. Hannuna ya kama rawa. Zuciyata na bugawa kamar ana daka. Na so in yi magana, harshena ya yi nauyi. Ina jin Malam Garba yana buga ƙarfen gadonsa da kofi yana kiran Sista, amma kamar daga ƙasan rijiya. Ta zo da sauri, ta taɓa goshina, ta dubi kwanon.

"Ya ci?"

"Baƙo ya ci," in ji Malam Garba.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta dawo da kofi, ta tallabo kaina. Da ruwan ya taɓa harshena na ji zaƙi, sai na dantse haƙora. Ko a cikin wannan hali ban manta doka ba.

"Sukari ne," na ce da ƙyar. "Kin hana."

"Ni na hana, ni na ce ka sha. Buɗe baki, Iro."

Ba ta taɓa kiran sunana kai tsaye ba sai ranar. Na buɗe. Ta yi ta ba ni kaɗan kaɗan, tana riƙe da wuyan hannuna tana duba agogon ƙirjinta, har ɗakin ya daina juyawa. Sannan ta sa aka kawo wani kwanon, ta zauna a bakin gadon har na cinye.

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Ka taɓa hura wuta a ƙarƙashin tukunya babu komai a ciki?"

"Tukunyar za ta fashe."

"Allurar nan wuta ce. In ka yi ta, ka riga ka hura. Ba ruwanta da baƙo, ba ruwanta da kunya. In ba ta sami abinci ba, kai za ta ci. Sukari in ya yi yawa a hankali yake kisa. In ya yi ƙasa, kafin azahar an gama. Da na daɗe a wancan ɗakin, da yanzu mun rufe ka da zane." Sannan ta ce, "Ni ma da laifina. Na koya maka tsoron abu ɗaya, ban koya maka na biyun ba."

Na ce mata a wurinmu mutum ba ya cin abinci baƙo na kallo. Wanda ya yi haka, har jikokinsa sai an goranta musu.

"Mu ma haka ne," ta ce. "Amma ka taɓa ganin an yi wa baƙo tayin magani? Kwanon nan rabin maganinka ne. Allura rabi, kwano rabi."

Ta fita baranda wurin Tanko, wanda ya ji abin da ya faru ya rasa inda zai sa kansa. Ban ji abin da ta ce masa ba. Na dai ga ta kwance ƙullin abincinta na rana, dokunu, wato tuwon masara irin nasu, da kifi, ta ba shi ya tafi da shi. Ta dawo ta ce mini ta gaya masa ya riƙa zuwa kullum da safe, daidai lokacin kwano.

"Don me?"

"Don ka koyi ci yana kallonka. Ran da na ga ka cinye a gabansa ba ka tura masa ba, ranar zan yi wa likita maganar Zariya."

Wallahi koyon allura bai kai wannan wuya ba. Tanko ya zauna a kan benci, ni ina riƙe da doya, tana maƙale mini a wuya. Malam Garba kuwa ya sami abin yi.

"Kai Tanko, matso kusa. Ƙura masa ido. Haɗiye yawu ya ji. Yau za mu ga Bazazzagi ya yi rowa da izinin likita."

Ran farko na kasa, sai da Tanko ya juya baya. Ran na biyu na ci rabi ina ba shi haƙuri a kan kowace loma. Sista Afuwa na tsaye daga nesa tana naɗe bandeji kamar ba ta gani. Daga baya na gane cewa kullum tana ajiye wa Tanko wani abu a baranda, har ya sami aikin dako a kasuwa. Sanin cewa ba da yunwa zai tafi ba shi ya sa abincin ya fara wuce mini. Wata safiya na ɗaga kai na ga kwanon babu komai, Tanko yana ba ni labarin wata rigimar gona a Furana, ban ma san na cinye ba.

Ran sallama ta haɗa mini kaya: sirinji a gwangwaninsa, kwalaben allura, ruwan shuɗi, da takardar likita. Ta ce in na isa gida in riƙa ajiye allurar a gindin randa inda ke da sanyi. Ta ƙulla mini ƙwayoyin sukari a ƙyalle ta ce kada su bar aljihuna. Na so in yi mata godiya yadda ya kamata, na shirya maganar tun daren jiya, amma da na buɗe baki sai na ce, "In kwalbar ta fashe a hanya fa?"

"Shi ya sa na ba ka fiye da ɗaya. Tafi, Malam. Ka gaishe da mai ɗakinka."

Ban sake ganinta ba. Ban san ko tana raye ba. Addininmu ba ɗaya ba ne, harshenmu ba ɗaya ba, amma ban taɓa ɗaga sirinji ban ce Allah ya saka mata ba.

Hanyar dawowa ta yi sauƙi. Na kai takarda asibitin Zariya, suka karɓe ni, na hau mota zuwa Makarfi ran kasuwa da yamma. Aka sauke ni a shagon wani maƙwabcin surukina. Hajo ta zo da yaron, yana tafiya da ƙafarsa, ya ɓuya a bayanta don bai san ni ba. Na yi mata bayanin kwano da lokacinsa.

Da safe na dafa sirinji, na yi allura, ta aiko da abinci daidai yadda na ce. Na wanke hannu, na ɗaga murfi ke nan sai na ji sallama. Surukina ne, Baba Ɗanladi, mahaifin Hajo. Ni ya kamata in je in durƙusa a gabansa, amma ya ji an ce na dawo da ciwo, bai jira ba. Na mayar da murfi da sauri, na sauka daga tabarma, na sunkuyar da kai. Tun da na auri 'yarsa ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ba a yi.

Ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna da niyyar daɗewa. Ya tambayi hanya, ya tambayi jiki, ya tambayi mutanen can ko suna salla. Ya ce in ba shi labari tun daga farko. Na fara. Ban kai Lome ba na ji tafin hannuna ya jiƙe. Yatsuna suka fara motsi a kan gwiwata. Na tuna sukarin aljihu, amma shi ma ai a baki ake sa shi. Na yi ta kallon tabarma, ina jin kamar in ƙasa ta tsage in shige ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Zan yi abin da bai kamata ba. Na yi allura, kuma in ban ci abincin nan yanzu ba zan faɗi a gabanka, mai yiwuwa ba zan tashi ba. Haka aka koya mini a asibiti."

Ya dubi kwanon, ya dubi hannuna da ke rawa.

Sai ya miƙe a hankali, ya ja buzunsa, ya juya shi ya fuskanci ƙofa, ya sake zama ya ba ni baya.

"Ni titi nake kallo," ya ce. "Ban ga komai ba. Ka ce kun isa ina?"

"Lome, Baba."

"To, in ka haɗiye sai ka ci gaba."

Da bakina cike na kai shi Kumasi. Har Allah ya karɓi ransa, duk ran da ya zo ya tarar da kwano a gabana, ƙeyarsa nake ba labari.